Demak ta tsibirin Jawa: masarauta ce ko ƙaramar hukuma?

"Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin karatu a birnin Semarang na ƙasar Indonesiya, kuma an ce masaukinmu zai kasance a Mranggen, cikin wani yanki da suke kira Kabupaten Demak. Da na duba sai na ga an rubuta cewa Demak ce daular Musulunci ta farko a tsibirin Jawa. To Malam, har yanzu akwai sarki a can? Wannan kabupaten ɗin masarauta ce kamar Zazzau, ko ƙaramar hukuma ce? Kuma yaya aka rarraba ta? Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, an ce Demak tashar jiragen ruwa ce, amma a taswira ban ga teku kusa da garin ba."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka a karatun. Tambayoyi uku ka haɗa wuri guda: wane irin mulki ake yi a Demak yau, mece ce alaƙarsa da daular da ka karanta labarinta, sannan ina tekun ya tafi. Ta ukun ce ka ɗauka ƙarama, amma ita ce ke buɗe sauran biyun.

Babu sarki a Demak. Mai mulkinta ana kiransa bupati, kuma jama'a ne ke zaɓensa kai tsaye duk shekara biyar, tare da majalisa mai kujeru 50. Indonesiya tana da larduna 38, kowanne da gwamnansa, a ƙarƙashinsu akwai kabupaten 416 da birane 98 masu matsayi ɗaya da kabupaten. Lardin Jawa ta Tsakiya, wanda Semarang ce hedikwatarsa, yana da kabupaten 29 da birane 6, Demak ɗaya ce daga cikin 29 ɗin. A jerin matakai ke nan ta yi daidai da ƙaramar hukuma a wajenmu. A girma da iko kuwa ta wuce nan sosai. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 1,203,956 a cikinta. Kuma lokacin da aka sassauta mulkin tsakiya bayan faɗuwar Shugaba Suharto a 1998, dokar 1999 ta tsallake gwamnoni ta miƙa yawancin iko ga kabupaten da birane, don ana tsoron lardi mai ƙarfi zai iya tunanin ɓallewa, kabupaten kuwa ta yi ƙanƙanta da wannan buri. Kasonta na kuɗi daga Jakarta yake zuwa kai tsaye, ba ya bi ta hannun gwamna. Kai da ka san rigimar asusun haɗin gwiwa a Najeriya ka san nauyin wannan magana.

Ina tekun ya tafi

Buɗe taswirarka ka duba arewa maso gabas da garin Demak. Za ka ga wani dunƙulen ƙasa ya turo kai cikin Tekun Jawa, da dutsen Muria a tsakiyarsa, tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da yin shiru. Jepara tana gindinsa ta yamma, Kudus ta kudu, Pati ta kudu maso gabas. Shekara ɗari biyar da suka wuce wannan dunƙulen tsibiri ne mai zaman kansa, akwai mashigin ruwa tsakaninsa da babban tsibirin Jawa. Jirgin da ya taso daga wajen Semarang yana iya ratsawa ta mashigin ya ɓulla wajen Rembang, ba sai ya zagaye Muria ba. Demak tana bakin wannan mashigi ta ɓangaren yamma. Gabanta hanyar fatake ce da ta haɗa tashar Malaka, wadda ke cikin Malesiya ta yau, da tsibiran kayan yaji na gabas, bayanta kuma fadama ce mai ba da shinkafa fiye da abin da mutanenta za su ci. Wanda ke da shinkafar sayarwa da jirgin kai ta, a zamanin da manyan tashoshi irin Malaka ba sa noma abin da zai ishe su, shi ke da ta cewa.

Amma kogunan da suka yi fadamar su ne suka kashe tashar. Kogin Tuntang da ke fitowa daga tafkin Rawa Pening, da kogin Serang tare da Lusi da ke zuba cikinsa, kowace damina sai sun sauko da laka daga tuddai sun zube a mashigin, gangaren Muria ma yana ƙara nasa. Zuwa ƙarni na 17 manyan jirage sun daina iya wucewa. Fatauci ya koma Jepara, daga baya ya koma Semarang. Mashigin ya cike ya zama gonaki, garin Demak ya wayi gari da tazarar fiye da kilomita goma tsakaninsa da gaɓa.

Saboda haka kusan duk ƙasar kabupaten ɗin shimfiɗaɗɗiyar laka ce. Daga bakin teku har iyakar kudu, inda tuddai suka fara a Mranggen da Karangawen, tsayin ƙasa bai wuce mita ɗari ba, kuma mafi yawanta ƙasa da mita goma take. Wanda ya san ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Ngala zai gane halinta nan take: da damina ta kumbura ta riƙe ruwa, da rani ta bushe ta tsattsage. Daminarsu tana kamawa ne daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. A cikinta ana fama da ambaliya, bayanta kuma wasu ƙauyuka sai an kai musu ruwan sha da tanka, don ruwan rijiya a kusa da gaɓa zartsi ne. Kwalta ba ta daɗewa a irin wannan ƙasa, shi ya sa za ka ga hanyoyi da yawa na kankare ne.

Daular da ba ta kai shekara ɗari ba

Don ka samu ma'aunin zamani, Demak ta taso ne a daidai lokacin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano, wato ƙarshen ƙarni na 15. A lokacin daular Majapahit ta mabiya Hindu da Buddha, wadda ke gabashin Jawa, ta fara rauni, tashoshin gaɓar arewa kuma suna hannun fatake Musulmi. Wanda ya kafa Demak shi ne Raden Patah. Labaran gargajiya na Jawa, waɗanda ake kira babad, sun ce ɗan sarkin Majapahit na ƙarshe ne, mahaifiyarsa 'yar Sin, ya tashi a Palembang ta Sumatra, ya yi karatu wajen Sunan Ampel a Surabaya, sannan ya sare dajin Glagahwangi ya kafa gari a Bintoro. Wani Bature ɗan Fotugal mai suna Tomé Pires, wanda ya zagaya gaɓar Jawa wajen 1513, ya rubuta akasin haka: ya ce kakan mai mulkin Demak mutum ne daga Gresik wanda ba jinin sarauta ba. A nan sai ka yi hattara. An rubuta babad ne ƙarni biyu ko fiye bayan abin ya faru, a fadar sarakunan da ke son nuna cewa sarautarsu ta gangaro ne daga Majapahit ba tare da yankewa ba. Pires kuma baƙo ne da ke rubuta abin da ya ji a tashoshi, a lokacin da ƙasarsa ke gaba da Demak. Ni dai idan ina koyar da wannan babi, nakan ajiye wa ɗalibai ruwayoyin biyu in ce su tambayi kansu wa ke amfana da kowace, kuma ban taɓa ganin dalilin da zai sa in goge ɗaya ba. Shekarun ma haka suke. Gwamnatin kabupaten tana bikin ranar kafuwarta ne da 28 ga Maris 1503, amma masallacin garin ya girmi wannan shekara.

Wannan masallaci shi ne abin da ya rage a tsaye daga daular. Fadar sarakunan ta ɓace, har yau masana na jayayya kan inda take. Masallacin ba shi da ƙubba. Rufinsa hawa uku ne masu tsukewa zuwa sama, irin ginin Jawa tun kafin Musulunci, kuma mutanen wurin suna fassara hawa ukun da imani da Musulunci da ihsani. Ginshiƙai huɗu na katako ne ke ɗauke da shi, ana jingina kowanne ga ɗaya daga cikin waliyyai tara da suka yaɗa addini a Jawa, wato Wali Songo: Sunan Ampel, Sunan Bonang, Sunan Gunung Jati da Sunan Kalijaga. Na Kalijaga an ce daga guntattakin katako aka harhaɗa shi. A jikin mihrabi akwai siffar kunkuru, wadda ake karantawa a matsayin shekarar 1401 ta ƙidayar Saka, daidai da 1479. Kaburburan sarakunan, har da na Raden Patah da na Trenggana, suna cikin harabar. Hubbaren Sunan Kalijaga kuma yana Kadilangu, 'yar tafiya kaɗan daga nan, kuma duk ranar Babbar Sallah ana yin bikin Grebeg Besar tsakanin wuraren biyu. Masallacin yana yammacin babban dandalin gari, don alƙiblarsu yamma take, abin da zai ɗan rikita ka a kwanakin farko.

Bayan Fotugal ta kama Malaka a 1511, Pati Unus, mai mulkin Jepara a lokacin, ya haɗa jirage kusan ɗari daga Jepara da sauran tashoshi ya kai mata hari a farkon 1513, aka ci shi da yaƙi. Ya yi sarautar Demak daga 1518 zuwa 1521. Ƙarfin daular ya kai ƙololuwa a zamanin Trenggana, daga 1521 zuwa 1546. A 1527 rundunar Demak ƙarƙashin kwamandanta Fatahillah ta kama tashar Sunda Kelapa kafin Fotugal ta gina sansani a can, aka sa mata suna Jayakarta, ita ce Jakarta ta yau, kuma har yanzu birnin yana lissafin shekarunsa ne daga 22 ga Yuni na wannan shekara. Banten da Cirebon sun tashi a inuwar Demak, sarkin Banjar a tsibirin Borneo ma ya musulunta da taimakonta. Trenggana ya mutu a 1546 a wajen yaƙin Panarukan can ƙuryar gabas. Daga nan sai rikicin gado: Arya Penangsang na Jipang ya sa aka kashe magajin Trenggana, Sunan Prawoto, shi ma Arya Penangsang ɗin aka kashe shi, surukin Trenggana mai suna Jaka Tingkir ya ɗauke mulki ya kai Pajang a cikin ƙasa, kusa da Solo ta yau. Kafin ƙarnin ya ƙare wata sabuwar daula mai suna Mataram ta haɗiye Pajang. Daga nan Demak ta zama gari mai alfarma wanda ba shi da iko, ana zuwa ziyara, ba a zuwa neman izini.

Daga ina kujerar bupati ta fito

Abin da nake so ka riƙe shi ne, kujerar bupati ba gadon kujerar Raden Patah ba ce. Asalinta wakilcin Mataram ne: sarkin Mataram yana naɗa mutum ya riƙe masa yanki, ya tara haraji, ya kawo mutane lokacin yaƙi. A 1743 da 1746 sarki Pakubuwono na Biyu ya sallama gaɓar arewa ga kamfanin Holan na VOC, sai waɗannan wakilai suka koma yi wa kamfani aikin da suke yi wa sarki. Bayan rushewar kamfanin a 1799, Gwamna Daendels, wanda ya yi mulki daga 1808 zuwa 1811, ya mai da su ma'aikatan gwamnati. Shi ne kuma ya sa aka yi babbar hanyar nan mai tsawon kusan kilomita dubu daga Anyer zuwa Panarukan da aikin tilas. Ta ratsa ta tsakiyar Demak, kuma a kan sawunta babbar hanyar gaɓar arewa, wadda suke kira Pantura, take bi yau.

Tsarin da Holan ta zauna a kansa zai yi maka kama da abin da ka sani na En'e. Razdan Bature yana Semarang, bupati ɗan ƙasa yana zaune da laimarsa da fadawansa, doka ma ta ce Razdan ya ɗauke shi a matsayin ƙaninsa. Ƙarƙashin bupati akwai wedana, ƙarƙashinsa mataimakin wedana, sannan dagatai. Bambancin shi ne, Lugard ya tarar da sarakuna masu tutar Sakkwato ya yi mulki ta hannunsu, a gaɓar Jawa kuwa Holan ce ta ɗaga wakilai ta ba su kamannin sarakuna, har ta yarda ɗa ya gaji uba muddin gidan yana biyayya.

Demak ta ɗanɗana kuɗar wannan tsari. Daga 1830 Holan ta tilasta wa manoman Jawa su ware ƙasa da ƙarfinsu don noman abin da za a sayar a Turai, ana ba bupati kaso daga abin da yankinsa ya samar. A wannan yanki taba aka ɗora musu. Da fari ya haɗu da nauyin haraji da aikin tilas da zaluncin masu riƙe da ƙasa, sai yunwa ta faɗa wa Demak da maƙwabciyarta Grobogan a 1849 da 1850. Dubun dubatar mutane suka mutu, wasu suka gudu suka bar ƙauyuka kango. Labarin ya kai majalisar Holan, ya zama makami a hannun masu sukar noman tilas. Bayan wannan ne aka fara manyan ayyukan ban ruwa, aka gina madatsar Glapan a kan kogin Tuntang a shekarun 1850, aka haƙa magudanai. An kuma kawo sabon bupati, Tjondronegoro na Huɗu, wanda ya ɗauko wa 'ya'yansa malamin boko har gida. Jikarsa ita ce Kartini, 'yar bupatin Jepara, wadda Indonesiya ke tunawa da ita duk 21 ga Afrilu saboda fafutukar ilimin mata.

Bayan 'yancin kai na 1945, doka ta 13 ta 1950 ta tabbatar da kabupaten na Jawa ta Tsakiya kusan a kan iyakokin da Holan ta bari. Gado ya ƙare. An soke matakin Razdan da na wedana a 1963, ko da yake inuwarsu tana nan a lambar mota: harafin H da za ka gani a Semarang da Demak da Kendal da Salatiga tsohuwar ƙasar Razdan ɗin Semarang ce. A zamanin Suharto majalisa ce ke zaɓen bupati a takarda, Jakarta ke zaɓa a zahiri, kuma da yawansu hafsoshin soja ne. Zaɓen kai tsaye ya fara a 2005. Idan sarki mai mulki kake son gani a Jawa, sai ka tafi Yogyakarta, inda doka ta 2012 ta tabbatar da cewa Sultan shi ne gwamna.

Yadda aka rarraba ta

Demak tana iyaka da birnin Semarang ta yamma, Tekun Jawa da Jepara ta arewa, Kudus da Grobogan ta gabas, Grobogan da Kabupaten Semarang ta kudu. Faɗinta, za ka ga murabba'in kilomita 897 a tsofaffin takardun hukuma, kusan 995 a sababbi, don haka idan za ka kawo adadi a rubutunka ka faɗi na wace shekara ne. An raba ta gunduma 14, su ake kira kecamatan. Mai riƙe da gunduma, camat, ma'aikacin gwamnati ne da bupati ke naɗawa yana kuma canza masa wuri, ba shi da majalisa, ba shi da gadon kujera. Kada ka ɗauke shi hakimi.

A ƙarƙashin gundumomin akwai desa 243 da kelurahan 6, kuma a nan ne bambanci mai ma'ana yake. Kelurahan unguwar birni ce, shugabanta ma'aikaci ne da ake turowa. Duka shidan suna cikin gundumar Demak, har da Bintoro inda masallaci yake da Kadilangu. Desa kuwa ƙauye ne mai cin gashin kansa: mutanensa ke zaɓen dagacinsu, al'adar da ta faro tun zamanin Turawa, yana da majalisarsa da kasafinsa da filayensa. A ƙauyukan Jawa akwai gonakin da ake kira bengkok, waɗanda mai riƙe da muƙami ke nomawa ko ya ba da haya muddin yana kan kujera. Inda gonar shinkafa ke da ruwa shekara duka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dokar ƙauyuka ta 2014 ta ƙara da kuɗin da gwamnatin tsakiya ke aiko wa kowane desa duk shekara tun 2015, gyaran 2024 kuma ya mai da wa'adin dagaci shekara takwas. Shi ya sa zaɓen dagaci a can yakan fi zaɓen bupati zafi, har 'yan'uwa su daina gaisawa. Ƙasa da wannan akwai RW da RT, ƙungiyoyin maƙwabta: RT gidaje ne 'yan gomomi da shugabansu, RW kuma tarin RT ne.

Jerin sunaye 14 ba zai gaya maka komai ba sai ka kasa su bisa ga abin da ruwa ke yi musu. Huɗu suna bakin teku: Sayung, Karangtengah, Bonang da Wedung, ƙasar masunta da tafkunan kiwon kifi. Tashar kifi ta Morodemak tana Bonang, gishiri kuma a Wedung ake yinsa. Shida suna gabas, su ne rumbun shinkafa: Wonosalam, Dempet, Kebonagung, Gajah, Karanganyar da Mijen, wadda ta yi suna da albasa. Ruwan ban gonarsu yana zuwa ne daga Glapan da kuma madatsar Kedung Ombo da ke can sama a kan Serang, a waje da kabupaten ɗin. Sai gundumar Demak a tsakiya, sai uku a kudu maso yamma: Guntur, Karangawen da Mranggen inda za ka zauna. Mranggen ta fi kowace gunduma jama'a, sama da mutum dubu 170 a ƙidayar 2020, ta zarce gundumar hedikwata da nisa. Dalili kuwa Semarang ce ta tumbatsa ta zubo cikinta. Mutum yana kwana a Mranggen, yana aiki da cefane da zuwa asibiti a Semarang, ba ya tunawa da garin Demak sai ranar da takarda ta kai shi. A nan Mranggen ɗin ne kuma makarantar Futuhiyyah take, tsohuwar tsangaya irin wadda suke kira pesantren, cibiya ce ta ɗarikar Ƙadiriyya da Naƙshabandiyya a haɗe, wadda ta yi suna a zamanin Kiai Muslih.

Ruwa bai san iyakar gunduma ba

Tekun da ya janye ya bar Demak a tudu yanzu yana dawowa ta Sayung. Dalilan sun taru ne. Laka sabuwar ƙasa ce, tana danƙarewa da kanta. Masana'antu da unguwannin da suka cika gabashin Semarang da Sayung suna zuƙe ruwan ƙasa da rijiyoyin burtsatse masu zurfi, ƙasa tana zama, a wasu wurare har kusan santimita goma a shekara. An sare dajin bakin teku, wato itatuwan nan masu tsiro cikin ruwan gishiri, aka yi tafkunan jatan lande a shekarun 1980, sai igiyar ruwa ta samu hanya. Hawan teku na duniya yana ciki, amma shi ne ƙarami a lissafin, kuma ina ganin yawan jingina abin gare shi yana ba masu rijiyoyin mafaka. Mutanen wurin suna kiran wannan ambaliya ta cikar teku rob. A ƙauyen Bedono an kwashe unguwanni biyu, Tambaksari da Rejosari, hubbaren Shaihu Mudzakir kuma yanzu a tsakiyar ruwa yake, ana isa gare shi ta siririyar gada. A Timbulsloko mutane suna ta ɗaga daɓen ɗakunansu har rufi ya kusa taɓa kai, hanyoyin unguwa sun zama gadojin katako. A can arewa kuma, a Wedung, kogin Wulan, wanda shi ne ƙarshen Serang, yana ta zuba laka yana haifar da sabuwar ƙasa, ana jayayya kan mai ita. Kabupaten ɗaya, ana asarar gona a wannan gefe ana samun sabuwa a wancan.

Ta bayan gida ma ruwan yana zuwa. A Fabrairun 2024 jingar kogin Wulan ta fashe a gundumar Karanganyar, ruwa ya rufe Pantura na kwanaki, har aka ɗage zaɓen ƙasa na 14 ga Fabrairu a wasu ƙauyuka. A Maris ta sake fashewa, ruwa ya shiga har dandalin da ke gaban masallacin. Mutane suka yi ta yaɗa cewa mashigin Muria ne ya dawo. Masana ƙasa sun ce a'a, ruwan sama ne ya bi tsohon kwarinsa, amma wanda ya ɗora taswirar ambaliyar a kan taswirar tsohon mashigin zai gane abin da ya sa maganar ta karɓu. Wannan shi ne aikin da nakan ba ɗalibaina a aji, kuma ya fi kowane bayani nawa shiga kansu.

To wa ke da alhakin gyara? A nan ne ikon bupati da na yaba a sama yake nuna iyakarsa. Manyan koguna da jingoginsu suna hannun ma'aikatar ayyuka ta tsakiya. Pantura hanyar gwamnatin tsakiya ce. Ruwan gaɓa har mil 12 ya koma hannun lardi da dokar 2014. Dazuzzukan da ake sarewa a saman koguna suna wasu kabupaten, wani ɓangare na rijiyoyin da ke nutsar da Sayung yana cikin birnin Semarang. Abin da ya rage wa bupati shi ne ƙananan hanyoyi da magudanai da makarantun firamare da asibitocin gunduma da rabon kayan agaji, kuma yawancin kuɗin yin hakan ma daga Jakarta suke. Magunguna biyu ake gwadawa. Na farko babbar hanyar mota mai kuɗin shiga daga Semarang zuwa Demak, wadda aka tsara ɓangarenta na yamma ya zama katangar teku. An buɗe ɓangaren Sayung zuwa Demak, kilomita 16, a Fabrairun 2023, na cikin ruwan kuma ya sha jinkiri, ɗaya daga cikin dalilan shi ne gardama kan diyya: mutum yana riƙe da takardar gona, gonar tana ƙarƙashin teku, shin ƙasa ce ko ta halaka? Na biyu shingayen gora da ƙirare da ake kafawa a ruwa don su tare laka dajin bakin teku ya sake tsirowa. Katanga tana kare abin da ke bayanta, ta bar ƙauyukan da ke wajenta. Shingen gora yana da araha kuma yana aiki inda ƙasa ba ta zama da sauri. A ganina, muddin ba a kai wa masana'antu ruwan famfo an rufe rijiyoyin ba, duka biyun sayen lokaci ne kawai.

Game da zamanka, ka koyi karanta adireshi daga ƙasa zuwa sama: lambar RT da RW, sunan desa, sai "Kec." wato gunduma, sai "Kab." wato kabupaten. Ka lura sunaye suna maimaituwa. Birnin Semarang daban, Kabupaten Semarang mai hedikwata a Ungaran daban. Karanganyar ta Demak gunduma ce, akwai kuma wata Karanganyar kusa da Solo wadda kabupaten ce sukutum. Al'amuran addini ba sa hannun bupati, ma'aikatar addini ta tsakiya ce ke da ofishi a kowace gunduma, nan ake rajistar aure. Batun hukuncin ziyarar hubbare da bukukuwan da ake yi a can, wannan fagen malaman fiƙihu ne, ni ƙasa da tsarin mulki na karanta, sai ka tambayi malaminka. Idan ka isa, ka sa mai gidan da ka sauka ya kai ka wajen shugaban RT ku gaisa cikin kwana ɗaya, haka ƙa'idar unguwanninsu take ga baƙo mai kwana, ka tafi da kwafin fasfonka, kuma ka kira shi Pak RT.